Kazar da Aka Bar wa Auta

Shekarunta hamsin da uku, furfura ta ci rabin kanta, amma har yau ba wanda ke kiranta da wani suna sai Auta. Su biyu ne suka rayu cikin 'ya'yan mahaifinsu, ita da wanta. Shi kowa Direba yake ce masa, ko da yake rabonsa da sitiyarin babbar mota ya fi shekara goma. Ita dai Yaya take ce masa.

Auta gajera ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta saboda ruwan sabulu. Shekara goma sha takwas ta yi tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, tana wanke zannuwan gado da rigunan ɗakin tiyata. Aurenta ɗaya, da wani mai gyaran famfo, mutumin kirki mai yawan tari. Shekara shida suka yi tare ya rasu, bai bar mata ɗa ba, sai akwatin kayan aiki da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Daga nan ta tattara ta koma gidan mahaifinta.

Abin da aka fi saninta da shi a layin shi ne ba ta mantuwa. Ba ta faɗa, ba ta zagi, ba a taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Sai dai in ka taka ta, to ka taka ƙusa. Akwai wani mahauci a bakin kasuwa da ya taɓa cusa mata ƙashi a ƙarƙashin nama, da ta mayar ya ce ba daga teburinsa ya fito ba. Shekara goma sha ɗaya Auta tana zuwa ta tsaya a gaban teburinsa, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali, sannan ta matsa taku biyu ta sayi nama wurin na kusa da shi. Har mahaucin ya bar sana'a bai sake ganin hannunta a kan namansa ba.

Mahaifinsu kafinta ne. Wata safiya yana goge katako ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Auta ta ajiye aikin asibiti ta zauna jinya. Shekara tara tana juya shi a gado don kada bayansa ya yi gyambo, tana ba shi abinci a cokali, tana kwashe abin da ba a faɗa. In rana ta fito ta ɗora shi a keken guragu ta turo shi tsakar gida ya kalli kajinsa, don duk duniya ba abin da ya rage yana sa shi murmushi sai su. Kaji ashirin da shida ne, suna kwana a wani babban akurkin katako mai ƙafafu huɗu da ƙofa mai sakata, wanda Baba ya ƙera da hannunsa tun yana da lafiya.

Yaya kuwa ƙarshen wata yake leƙowa da lemo a leda. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya gaida Baba da ƙarfi kamar mai magana da kurma, sannan ya juyo ya ce, "Auta, ɗakin nan fa yana wari, a riƙa buɗe taga." Minti goma ya tafi. Matarsa ce ma mai zuwa duk Alhamis, ba tare da an aiko ta ba, ta kama wa Auta su yi wa tsohon wanka.

Baba ya rasu a farkon sanyi, kuma sanyin shekarar ba na wasa ba ne. Ruwan da ya kwana a bokiti ba ya taɓuwa da safe, mutum in ya yi magana sai hayaƙi ya fito daga bakinsa. Kwana tara da rasuwar, Auta tana shanya ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ne ya shigo cikin wata doguwar rigar sanyi, da leburori biyu a bayansa.

"Kajin nan na zo ɗauka," ya ce, bayan gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu ba. "Ke kaɗai ba za ki iya da su ba. Can akwai ɗakin kaji, akwai fitila, akwai mai kula."

Gaskiya ne yana da ɗakin kaji. Tun da ya bar tuƙi ya gina shi a bayan gidansa, da kajin ƙwai wajen ɗari uku.

"Shekara tara wa ke iya da su?" Auta ta tambaya.

"Kada ki tsaya ja min magana da sanyin safiya. Ku kama."

Leburorin suka bi kaji suna kamawa suna ɗaure ƙafafu. Da suka gama, Yaya ya dafa akurkin ya ce shi ma a ɗauka, aikin hannun ubansa ne, shi ya kamata ya riƙe. Auta tana tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

Suna shirin fita ɗaya daga cikin leburorin ya hango wata kaza wake-wake a lungun tankin ruwa. Ta kumbura gashi ta zama kamar ƙwallo, ta cusa wuya cikin kafaɗa, idanu a rufe. Duk guje-gujen da aka yi a gidan ba ta motsa ba. Ya ɗago ta, kanta ya langaɓe.

"Ajiye wannan," in ji Yaya. "Ba za ta kai gobe ba." Ya dubi ƙanwarsa yana gyara wuyan riga. "Ke da kika saba jinyar waɗanda ba sa tashi, ga rabonki nan."

Lebura ɗaya ya yi dariya. Ɗayan ya sunkuyar da kai ya fita.

Auta ta daɗe tsaye bayan motar ta tafi. Maganar ta shige ta kamar allura, don ta san ba Baba kaɗai yake nufi ba, har da mai gyaran famfo. Ta dubi wurin da akurkin yake, ba komai sai ramuka huɗu na ƙafafunsa da busasshen kashin kaji. Ta gama shanya zaninta tukuna, ta kama shi da maƙalai tsaf. Sannan ta je ta durƙusa gaban kazar.

"Kin ji abin da ya ce?" ta tambaye ta. "To ni da ke ne. Wallahi sai kin tashi, ko kina so ko ba kya so."

Da ta ɗauke ta ta ji ba nauyi, ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa, ƙafafun sanyi ƙalau. Ɗan zankon kanta da ya kamata ya zama ja ya koma fari-fari kamar tsohon tsumma. Auta ta samo kwali ta shimfiɗa tsohuwar rigar sanyin Baba a ciki, ta hura gawayi, ta ajiye kwalin a kicin nesa kaɗan da wutar, ta bar taga a ɗan buɗe saboda hayaƙi. Ta cika kwalba da ruwan zafi, ta naɗe da tawul ta jingina wa kazar. Ta dama ruwan ɗumi da sukari da ɗan gishiri, ta ɗauko sirinjin da take ba Baba magani da shi. Ba ta ɗura mata ba, don ta sha ganin yadda marar lafiya ke shaƙewa in an yi masa gaggawa. Ɗigo-ɗigo take sa mata a gefen baki, ta jira ta haɗiye, ta sake.

Maƙwabciyarta mai ɗinki, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta shigo da rana da tef rataye a wuya. Ta leƙa kwalin ta riƙe haɓa.

"Auta, a kira mai yankawa tun tana numfashi. Ko romo kya sha, da ta mutu a banza."

"Ba za a yanka ba."

"Kaza ce fa, ba 'yar mutum ba. Sabo da kaza ai ba ya hana yanka ta."

"Ni ban saba da ita ba," in ji Auta. "Cikin kajin Baba ma ita na fi tsana, ita ke shiga min kicin tana zubar da tsaba. Aiki zan sa ta."

"Wane aiki?"

"Za ki gani."

Kwana biyu kazar ba ta ci komai ba. Auta ta dafa ƙwai ta murje gwaiduwar da ruwan ɗumi, ta kai mata baki a yatsa, ta kau da kai. Ta jiƙa dusa, ko kallo. Sai ruwan sukarin nan kawai, duk bayan awa biyu. Ta duba hanci ba majina, ta saurari ƙirji ba gurnani a numfashi, ta shafa ciki ba ƙwai da ya maƙale. Abin ya ɗaure mata kai.

A rana ta uku rigar Baba ta ɓaci, sai ta canza shimfiɗar da wani yankin farin zanen gado da ta taho da shi tun daga asibiti. Washegari da safe ta ɗaga kazar, ta ga farin ƙyallen da wasu ɗige-ɗige ja ƙanana kamar an barbaɗa garin barkono. Ta sa ido sosai, sai ta ga suna tafiya. Ta danna ɗaya da farce, ya bar jan tabo. Shekara goma sha takwas a ɗakin wanki, ba wanda zai koya mata launin jini a kan farin zane. Ta buɗa gashin ƙarƙashin wutsiyar kazar, ga su nan birjik a gindin gashi, fatar duk ta yi ɓawo.

Ta ninke ƙyallen ta sa a leda, ta yafa bargo ta nufi shagon mai maganin kaji da ke bayan tasha. Wani dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, yana zaune yana ɗumama hannu da kofin shayi. Ya buɗe ƙyallen ya kai kusa da hanci.

"Ƙwarƙwatar kaji ce, mai shan jini," ya ce. "Ba ciwo ne da kazarki ba, Hajiya, tsotse ta aka yi. Jini ya ƙare, ga sanyi ya zo ya same ta ba abin da za ta kare kanta da shi."

Ya ba ta hoda a ƙaramar roba, ya ce ta shafa a gindin gashi, ta maimaita bayan mako guda, ta ƙone duk shimfiɗar da kazar ta kwana a kai.

"Amma fa wannan da kike gani a jikinta 'yan aike ne," ya ƙara. "Gidansu na cikin akurki. Na katako ne?"

"Na katako ne."

"To suna nan cikin tsagar katakon, dubbai, da ƙwayayensu. Da rana ba ki ganin komai, sai kaji sun kwanta su fito su sha su koma. Ki fitar da shi ki wanke da tafasasshen ruwa, in ya tsufa ma ki sa masa wuta."

Auta ta tuna watanni ukun ƙarshe na Baba, lokacin da ko wanka sai ta yi dabara take samun yi. Ba ta share akurkin nan ba ko sau ɗaya. Laifinta ne ke nan, ita ta bar su suka yi gida. Ta haɗiye wannan, sannan wani tunanin ya biyo baya a hankali.

"Malam, in da a ce wani ya ɗauki akurkin ya kai cikin ɗakin kaji fa? Irin mai fitilu, an rufe ko'ina saboda sanyi?"

Dattijon ya ajiye kofi. "Sanyi ne kawai ke rage musu ƙarfi. In an kai su wuri mai ɗumi, ga kaji da yawa, ai an kai kura garken awaki. Wa ya yi wannan gangancin?"

"Tambaya ce kawai," in ji Auta.

A hanyar gida ta lura tana tafiya da sauri kamar yarinya, har bargon na zamewa. Wayarta na cikin jaka, lambar Yaya ce ta biyu a ciki. Ba ta taɓa ta ba.

Ta shafa wa kazar hoda gashi-gashi, ta ƙone kwalin da rigar Baba a tsakar gida, ta zuba tafasasshen ruwa a lungun tanki da inda akurkin ya tsaya. Sabon kwali, sabon ƙyalle, kullum a canza. Amma jinin da ya tafi ba ya dawowa rana ɗaya. A safiya ta shida, wadda ta fi kowace sanyi, ta shiga kicin ta tarar gawayin ya mutu, kazar na kwance a gefe ɗaya, ƙafafu a miƙe. Ta ɗauke ta ta ji ƙirjin na ɗan motsi. Ta ɗaga rigar sanyinta ta cusa kazar a jikin cikinta, ta zauna kan turmi tana fifita sabon gawayi da hannu ɗaya.

"Ke 'yar banza," take ce mata. "In kika mutu kika gaskata shi, ban yafe miki ba duniya da lahira. Uban wa ya ce ki mutu?"

Haka Mai ɗinki ta shigo aron almakashi ta same ta, ciki ya yi tulu, wutsiyar kaza na leƙowa ta ƙasan riga. Ta yi dariya har da riƙe bango. "Auta, haihuwar tsufa? Wata nawa?"

"Rufe min ƙofa iska na shigowa."

Wajen hantsi kazar ta motsa, ta yi wani ɗan ƙara a maƙogwaro. Da Auta ta fito da ita ta miƙa mata gwaiduwa a yatsa, ta dube ta da ido ɗaya, ta kai sara. Ba ta samu gwaiduwar ba, yatsan ta samu. Auta ta ce, "Yawwa, haka nake so."

Daga ranar abin ya juya. Gwaiduwa, sai dusa mai ɗumi da ɗan dakakken kifi, sai tsaba. A kwana na goma ta tsaya da ƙafafunta tana tangaɗi. A mako na uku zankon ya fara ja daga gindi. Auta ta tankaɗe toka ta haɗa da yashi a tsohon baho, in rana ta yi tsaka ta fito da ita ta yi birgima, kafin la'asar ta mayar da ita kicin.

A wannan makon ne matar Yaya ta kira.

"Auta, kajinmu ba lafiya. Ƙwai ya ragu, ga wani ɗige-ɗigen jini a jikin ɓawon. Da yamma ba sa son hawa wurin kwana, sai su taru a ƙasa. Jiya uku suka mutu."

"Subhanallahi. Me Yaya ya ce?"

"Ya ce mura ce, ya sayo magani ana sa musu a ruwa. Ya ƙara fitilu, ya toshe tagogi."

"Akurkin Baba fa, ina aka ajiye?"

"Yana ciki tare da su, saboda sanyi."

Auta ta dubi kazarta da ke tonon ƙasa a gindin tanki. Maganar ta zo mata har bakin harshe, don wannan matar ba ta taɓa yi mata komai ba sai alheri. Sai ta ji muryar Yaya a kunnenta, da dariyar leburan nan.

"Allah ya sawwaƙe, Anti," ta ce.

Mai ɗinki tana zaune a wurin tana ƙarasa bakin wata riga, kuma ta riga ta san labarin dattijo mai magani. Ta ciji zare ta tofar.

"Wannan kam mugunta ce. Kalma ɗaya za ki faɗa."

"Ya tambaye ni?"

"Ita ai ta tambaye ki."

"Labari ta ba ni. Shi ya zo da ƙafarsa ya ɗauka, ya zo da ƙafarsa ya tambaya. Ni me na sani? Mai jinyar waɗanda ba sa tashi ce ni."

"Kajin me suka yi miki?"

Auta ta tashi ta shiga kicin tana ta buga kwanuka. Amma ba za a ɓoye ba, kwanakin nan ta fi cin abinci, ta fi barci. Duk kiran da Anti ta yi ta ce yau biyar, yau takwas, Auta takan ce Allah ya sawwaƙe, in ta ajiye wayar ta ji wani abu mai ɗumi ya sauka a ƙirjinta kamar shayi. Ta san ba abin kirki ba ne, ba ta kuma nemi ya daina ba.

A mako na biyar, ranar wata Asabar da hantsi, Yaya ya zo. Ba mota, ba lebura. Ya rame, yana ta susar wuyan hannu. Yana shigowa kazar wake-wake ta bi ta gabansa da gudu tana kyarkyara, gashi na sheƙi, zanko ja wur. Ya tsaya yana kallonta.

"Wannan ita ce?"

"Ita ce. Sannu da zuwa, Yaya." Ta kawo masa kujera ta ajiye a inuwa, inda sanyi ya fi, ita ta zauna a rana ta ci gaba da tsince shinkafa.

Ya yi zancen sanyi, ya yi zancen rufin ɗakin Baba da ke son gyara. Ta bar shi ya zagaya har ya gaji.

"Me kika ba ta?" ya tambaya a ƙarshe. "Antinki ta ce kin warkar da ita. Nawa sun fi sittin da suka mutu, na Baba ma saura tara. Na canza magani sau uku."

"Ka ce me?"

"Na ce me kika ba ta."

"Ni kake tambaya?"

Ya sosa wuyan hannu. "Ke nake tambaya, Auta."

Ta ajiye faranti, ta shiga ɗaki ta fito da ledar nan. Ta warware farin ƙyallen a kan gwiwarsa, ta nuna masa jajayen tabon. Ta gaya masa duk abin da dattijo ya ce, ba ta rage ko ɗaya ba: tsagar katako, ɗumi, fitilu, tagogin da ya toshe. Ta ce abin da ke cizon wuyan hannunsa ma su ne. Yana ji yana buɗe baki.

"Akurkin Baba?"

"Shi. Da kuɗin motarka ka kai su, da leburorinka."

Ya dubi ƙyallen, tabon sun bushe sun yi baƙi-baƙi. A hankali ya ɗago. "Wannan ba na jiya ba ne. Yaushe kika sani?"

Wannan tambayar take jira tun ranar da ta fito daga shagon bayan tasha. Ta gyara zama don ta ga fuskarsa da kyau.

"Kwana huɗu bayan ka tafi."

"Kina sane? Wata guda kina sane, kajina na mutuwa?"

"Ina sane."

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. Ya kira ta muguwa, ya kira ta baƙar zuciya, ya ce ko maƙiyi ba zai yi masa haka ba, ya ce ciki ɗaya suka fito. Ita ko gezau. Da ya tsaya shan iska ta ce, "Shekara tara, Yaya, ka taɓa juya shi sau ɗaya?"

Ya jefar da ƙyallen ya fita, ya buga ƙofa har sakata ta yi tsalle. Auta ta ɗaga kujerar, ta koma kan shinkafarta. Ta tsince ta tas.

Bayan kwana uku matar Yaya ta zo, ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Idanunta sun faɗa, hannuwanta duk tabon cizo.

"Shi kika so ki dafa, ni kika ƙona," ta ce. "Kin san wa ke tashi ya ba su abinci? Kin san wa ke kwashe gawarsu a buhu? Shi ko ƙofar ɗakin ba ya shiga sai ranar ɗibar ƙwai."

Wannan ta shige Auta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban kyauta miki ba, Anti." Ba ta ce ta yi nadama ba, don ba ta saba ƙarya ba.

Anti ta ce, "Ya ƙone akurkin jiya, ya tsaya yana kuka kamar yaro. Yau ya tafi ɗaurin auren wani abokinsa, sai Juma'a zai dawo. Ni ban san ta inda zan fara ba."

Auta ta shiga ɗaki ta ɗaura tsohon zanen aikinta, ta ɗauki rariya da burushi da babbar tukunya. Kwana uku suka yi su biyu a ɗakin kajin nan. Suka fitar da kaji, suka kwashe shimfiɗar ƙasa suka ƙone, suka bi kowace tsaga da tafasasshen ruwa da sabulu, suka buɗe tagogi. Kaza ɗaya-ɗaya suka riƙa kamawa suna shafa hoda, sama da ɗari biyu, har yatsun Auta suka daina lanƙwasuwa. Waɗanda suka fi galabaita ta ware su a kwalaye ta nuna wa Anti yadda ake ɗiga ruwa a gefen baki. Ba su yi hira ba sai abin da aiki ya kawo. Ranar Alhamis da yamma, tana wanke hannu a bakin famfo, ta ce:

"Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki gaya masa na zo."

"Don me? Ai da zai huce."

"Shi ya sa."

Anti ta dube ta ta girgiza kai, dariya ta kusa ƙwace mata duk da fushin. Ta kuwa riƙe alƙawari.

Yau shekara biyu ke nan. Yaya ba ya taka gidan, in sun haɗu a wata hidimar dangi ya ɗauke kai. Duk inda ya zauna yana ba da labarin yadda matarsa ita kaɗai ta ceto masa kaji cikin kwana uku, da yadda ƙanwarsa ta zuba ido tana kallo ko yatsa ba ta ɗaga ba. Labarin yakan dawo wa Auta ta bakin Mai ɗinki, wani lokaci da ƙari. Takan saurara har ƙarshe, ta tambayi a gaban su wa ya faɗa, mutum nawa ne a wurin. In an ce da yawa, sai ta ce madalla, ta ɗauki kwanon dusa ta fita bayan gida, inda kaji goma sha huɗu ke jiranta a wani akurkin ƙarfe da wani mai walda ya haɗa mata.